Fim kan shugaba: nawa ne na ofis, nawa ne na cikin gida?

Alƙalamin Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so manyanmu su warware mana. Duk fim ɗin da aka yi kan wani shugaba a ƙasashen waje, sai ka ga an nemo masa wani ciwo na kansa an ɗora labarin a kai: wannan in'ina, wancan mutuwar ɗa, waccan rikicewar tsufa. Shin fim ba ya tsayuwa sai da wannan? Kuma in mutum zai rubuta irinsa kan Janar Murtala Muhammad, ta ina zai kama, tunda mu nan ba a leƙa wa babba ɗaki?

Baba Darakta:
Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye maganar ciwo tukuna, akwai abin da ya riga ta. Nawa ne tsawon lokacin da fim ɗin zai ɗauka daga rayuwar mutumin? Nan mafi yawa suke karyewa. Shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo. Fim na minti 110 shafi 110 ke nan, fitowa 50 zuwa 60. Idan ka ce daga zanen suna har kabari za ka bi mutumin da ya yi shekara 60 a duniya, kowace shekara fitowa ɗaya ta samu. Abin da zai fito kalanda ce mai motsi: ga shi a makarantar allo, ga shi ya yi aure, ga shi a majalisa, ba wadda mai kallo ya zauna a cikinta har ya ji wani abu.

Dubi fim ɗin Lincoln na 2012, kan shugaban Amurka Abraham Lincoln. Rubutun farko da Tony Kushner ya kawo ya kai kusan shafi 500. Aka sare shi, aka tsaya kan watan Janairun 1865, lokacin da shugaban ke farautar ƙuri'u a majalisar wakilai don gyaran tsarin mulki na 13 wanda ya haramta bauta. An kaɗa ƙuri'ar ran 31 ga wata, 119 da 56. Tambaya ɗaya, wa'adi ɗaya. To a cikin wannan matsin ne ciwon gida ya samu aiki. Ɗansa Willie ya rasu a 1862, uwar ba ta warke ba, babban ɗan kuma Robert ya kafe sai ya shiga soja. Saboda haka duk kwanan da aka ƙara ana yaƙi don a jira ƙuri'a, uwar tana ganin wani ɗan nata kuma ake tura wa mutuwa. Rigimar ɗaki da ta majalisa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Murtala kuwa tarihi ya riga ya yanka maka. Daga 29 ga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976, kwana 200 ne kacal. Ba ka buƙatar yarintarsa.

Malamin Tarihi:
Baba ya yi gaskiya, sai dai matse lokaci yana da farashi, kuma a san inda aka tsaya. A The King's Speech an nuna kamar Lionel Logue ya fara yi wa Sarki George na shida na Ingila maganin in'ina dab da hawansa sarauta. A zahiri tun 1926 suka fara, har George, yana yarima a lokacin, ya buɗe majalisar Ostareliya a Canberra a 1927 da jawabi mai kyau. An jawo shekarun ne don ciwon ya haɗu da rikicin murabus ɗin yayansa Sarki Edward a 1936 da shelar yaƙi ta 1939. Wannan ana iya yafewa. Wanda ba a yafewa shi ne juya matsayin mutum: fim ɗin ya sa Churchill, wanda daga baya ya zama firaminista, kamar yana goyon bayan sabon sarki, alhali shi ne ya tsaya wa Edward a lokacin rikicin.

Shi ma Lincoln ɗin da ake yabo ya taka wannan sawun. Ya nuna biyu daga wakilan jihar Connecticut sun ƙi gyaran, alhali duka huɗun sun amince. Daƙiƙu kaɗan ne a allo, amma sai da ɗan majalisar wakilai daga jihar ya rubuta takardar ƙorafi a 2013. Ka matsar da rana, ka haɗa taro uku ya zama ɗaya, ka ƙirƙiri hirar da ba wanda ya ji. Amma abin da ke rubuce a takarda, wa ya sa hannu, wa ya jefa ƙuri'a ina, wannan ba naka ba ne.

Hajiya Mai Tace Hoto:
Ni daga teburin tacewa zan amsa maka, ƙanena. Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan an jera fim a karon farko, cire duk fitowar cikin gida ka ajiye gefe, ka kalli sauran. Idan duk hukuncin da shugaban ya yanke a ofis ana fahimtarsa daidai yadda ake fahimta a da, to waɗancan fitowar ado ne, ba su ɗauke da komai. Idan kuwa wani hukunci ya koma ba shi da kai, sai ka dawo da fitowar da ke bayyana shi, ita kaɗai. Yawanci abin da ke tsira ba ya wuce ɗaya cikin huɗu na fim ɗin.

The Iron Lady na 2011, kan firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, ba zai haye wannan gwajin ba. Babban kaso na fim ɗin tsohuwa ce a gida, hankali ya fara gushewa, tana hira da mijinta Denis da ya mutu tun 2003. Meryl Streep ta yi wasa na gani na faɗa, ba musu. Amma wannan ciwon ya zo ne shekaru bayan ta bar mulki a 1990, don haka ba ya bayyana ko ɗaya daga abin da ta yi tana kan kujera. Yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, wanda ya ɗaiɗaita garuruwa, an wuce shi a guntayen hotuna da kiɗa. Sakamakon shi ne ka fito kana tausayin tsohuwa ba tare da ka san me ya sa rabin ƙasarta ba sa son jin sunanta ba. Ga shi kuma tana raye aka fitar da shi, sai Afrilun 2013 ta mutu.

Na Damagaram:
Hajiya, ina tare da ke, amma ni ban ma yarda dole sai da cuta ba. Fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, wanda ba gidan da bai shiga ba daga Kano har Damagaram, ina cutar da aka ba shi? Babu. Tsoho ne malamin allo da tabarau. Da tabarau ɗin nan aka yi duk aikin: yana sa shi in zai karanta, ya cire in zai hau doki, ranar da aka rataye shi ya faɗi daga hannunsa yaro ya ɗauka. Abu ɗaya ƙarami, a nuna shi sau huɗu ko biyar, kowane karo ma'anarsa ta ƙaru. In ka wuce haka mai kallo zai gane wayon, in ka yi sau biyu kawai ba zai riƙe ba.

Sai dai a lura da wanda ya biya. Gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin, dala miliyan 35 ake faɗa, shi ya sa ba za ka ga gwarzon ya yi kuskure ko sau ɗaya ba. Italiya kuma ta hana nuna shi tun 1982, sai 2009 aka sa shi a talabijin a can. Mai kuɗi ya goge aibin ɓangare ɗaya, mai hukuma ya toshe na ɗayan.

Alƙalamin Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. To idan iyali suka hana, ba za a iya ƙirƙiro wani na kusa da shi ba, direba ko akawu, a kalli shugaban ta idonsa?

Baba Darakta:
Ana yi, kuma yana rage faɗa. Amma ƙirƙirarren mutum shaida ne, kar ka bari ya zama shi ke juya tarihi. A The Last King of Scotland an ƙago wani likita ɗan Sukotland aka manna wa Idi Amin. Zuwa tsakiyar fim labarin ya koma na likitan, mutanen Uganda da aka kashe suka zama bango a bayansa. Mafi muni, aka haɗa shi soyayya da Kay, matar Amin ta gaskiya wadda ta mutu mummunar mutuwa a 1974. Mutumin ƙarya ya ɓata mace ta gaskiya mai dangi.

Izu Ojukwu a fim ɗinsa '76 ya bi ta wata hanyar. Labarin wani ƙaramin hafsa ne da matarsa mai ciki, wanda aka jefa cikin zargin juyin mulkin Dimka da aka kashe Murtala a cikinsa. Murtala yana nesa, a rediyo da bakin mutane. Kwana Casa'in na Arewa24 kuma ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta baki ɗaya, shi ya sa ya iya shiga gidan gwamna ya nuna matarsa da 'yan korensa. Hanya uku ke nan, ka zaɓi ɗaya tun kafin shafi na farko. Masu haɗa su, su kira sunan gaskiya sannan su yi ƙagen da ya dace da Alfawa, su ne ke kwana a ofishin lauya.

Barista Na Zaure:
Tunda an ambace mu. Mutane suna cewa mamaci ba ya ƙara. A shari'ar neman diyya haka ne, amma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki ɓata suna a matsayin laifi, kuma ta haɗa da maganar da aka yi kan mamaci idan an yi ta don cutar da danginsa. Sannan shugaban ne ya mutu, na kewaye da shi fa? A labarin 1975 akwai waɗanda ke raye har yau, Janar Gowon, Obasanjo, Danjuma. A fim ɗin Lumumba na Raoul Peck akwai fitowar da aka ambaci jami'in Amurka Frank Carlucci a wurin da ake shawarar kashe Lumumba, firaministan Kongo. Carlucci ya yi barazanar ƙara, da aka zo nuna fim ɗin a tashar HBO a 2002 sai da aka toshe sunan da wani sauti.

Abin yi kafin a kunna kyamara: a ɗauki rubutun fitowa bayan fitowa, a yi wa kowace alama ɗaya cikin uku. Wadda ke da takarda, a rubuta wace takarda, jarida ce ko littafin wanda ya halarta. Wadda aka gina kan hasashe mai tushe. Wadda ƙage ce zalla. Duk ƙagen da ya jingina wa mai suna laifi, zina, sata ko kisa, a cire ko a sauya sunan da kamannin. Rubutun nan na farkon fim da ke cewa an ƙirƙiri wasu sassa ba ya kare kowa idan ana iya gane mutumin.

Jawabai ma suna da masu su. A fim ɗin Selma ba a yi amfani da ainihin kalmomin Martin Luther King ba, saboda magadansa sun riga sun ba wani kamfani izinin, sai darakta Ava DuVernay ta sake rubuta su da salon da ya yi kama. Batun iyali kuma, marubucin The King's Speech ya nemi yardar matar sarkin, ta ce ba a rayuwarta ba. Ya jira har ta mutu a 2002 tana da shekara 101. Ka je wa iyali da rubutun da aka gama, ka ba su damar gyara kuskuren tarihi, kar ka sa hannu kan cewa sai sun amince da kowace fitowa. Bayan nan ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ta tarayya, kayan soja da bariki kuma sai da izinin rundunar.

Malamin Tarihi:
Mu dawo kan Murtala. Ba sai an nemo masa cuta ba, abin da ke cinsa yana cikin tarihinsa a fili: gaggawa. A Oktoban 1967, lokacin yaƙin basasa, yana kwamandan runduna ta biyu, hedikwata a Legas ta ba shi shawarar kada ya tsallaka kogin Kwara kai tsaye zuwa Onitsha tunda an karya gada. Ya kafe, aka gwada da jiragen ruwa har sau uku, sojoji da yawa suka halaka. Halin nan dai shi ne a 1975 ya sa ya sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni, har da Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, da yawa ba a saurare su ba. Kuma shi ne ya sa ya tsaya a Addis Ababa ran 11 ga Janairu 1976 ya yi fatali da wasiƙar Shugaba Ford na Amurka kan Angola, ran 3 ga Fabrairu ya mai da jihohi 12 zuwa 19 ya kuma yanke maganar sabon babban birni. Abin da mutane ke so a wurinsa da abin da ya jawo ɓarna hali ɗaya ne. Har yawo ba rakiya a cunkoson Legas daga nan ya fito. Marubuci ba zai samu abin da ya fi wannan ba.

Sai Asaba. A farkon Oktoban 1967 sojojin rundunarsa sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza a garin. Fim ɗin da ya tsallake wannan ya zama waƙar yabo.

Ɗan Kurawa:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Mutumin da aka kashe ranar Juma'a yana da shekara 37, bai tara komai ba, sai a tono masa wannan? Annabi (SAW) ya hana zagin matattu. Kuma Baba ya ce kwana 200 za a ɗauka, me ya kawo 1967?

Malamin Tarihi:
Ɗan'uwa, zagi daban, faɗar abin da ya faru daban. Ba na cewa a sa masa umarnin kisa a baki, babu takardar da za ta ɗauki wannan, Barista ma zai cire shi. Ba kuma za a yi kamar ba shi ne kwamanda ba. Mutanen Asaba suna taron tunawa da abin duk shekara, su ma 'yan kallo ne.

Baba Darakta:
Kuna iya samun biyun ba tare da an fita daga kwana 200 ba. Kar a koma baya da hoto, tuna baya na yaƙi yana da tsada kuma yakan fito kamar wasan yara in ba kuɗi. Fitowa ɗaya ta isa, minti uku. Cikin fayilolin waɗanda za a kora akwai na wani ma'aikaci ɗan Asaba, ƙirƙirarre. An shigo da shi, ya faɗi garinsu, ɗakin ya yi tsit. Kyamara ta tsaya kan alƙalamin da ke hannun shugaban. Ya sa hannu ko bai sa ba, wannan marubuci zai yanke, amma ba a furta kalmar yaƙi ko sau ɗaya.

Ɗan Kurawa:
In haka ne da sauƙi. Amma dai iyali su gani kafin kowa.

Hajiya Mai Tace Hoto:
Kan maganar leƙa ɗaki da aka fara da ita. Turawa suna sa shugaba ya fashe da kuka gaban matarsa ya zayyana abin da ke ransa. In ka kwafo wannan ka sa a bakin babban mutum Bahaushe, 'yan kallo dariya za su yi. Namu damuwar a gefe take fita. An kawo abinci an ɗauke ba a buɗe ba. Ya idar da salla ya daɗe zaune bai tashi ba. Wani dattijo daga Kano ya zo masa da roƙo kan wani da aka kora, shi da ke ba janar-janar umarni ya sauko ƙasa ya gaishe shi, sannan ya ce a'a kansa a sunkuye. Wannan fitowar ta fi kuka goma nauyi. A tacewa kuma a bar shirun ya kai daƙiƙa shida zuwa takwas, kuma don Allah kar a cusa kiɗan tausayi a ƙarƙashinsa, shi ke kashe yawancin irin waɗannan wuraren a finafinanmu.

Harshe ma kayan aiki ne. Turanci a Dodan Barracks, fadar gwamnati ta lokacin a Legas, Hausa da mutanen gida. Inda ya sauya daga wannan zuwa wancan a tsakiyar magana, nan mai kallo zai san an taɓa shi.

Uwar Sutura:
Ku gama falsafarku, ƙananan abubuwa ne za su tona ku. Ya hau mulki yana Birgediya, sai a Janairun 1976 ya zama cikakken Janar, don haka kaki kala biyu ne da alamun kafaɗa daban, kuma mai kula da jerin fitowa ya rubuta kwanan wata a kan kowace. Takardar naira 20 ba za ta fito ba ko a aljihun direba, sai 1977 aka buga ta, kuma hotonsa ne a jiki. Taken ƙasa "Nigeria, We Hail Thee" ne, wanda aka sauya a 1978 aka kuma dawo da shi a 2024. Gadar Third Mainland sai 1990, ba acaɓa, ba A Daidaita Sahu, ba eriyar waya a saman gini. Tuƙi a hannun dama ne, an sauya tun Afrilun 1972. Motocin titi Peugeot 404 da 504 da Volkswagen ƙwaro.

Kwalliya kuma kar a yi kwaɗayin abin da aka yi wa Gary Oldman ya zama Churchill. Wannan sama da awa uku yake ci kowace safiya, kuma a sanyin Ingila. Fatar roba a zafinmu gumi ke shiga ƙarƙashinta, gefen ya ɗago kafin azahar. A nemo jarumi mai shekara 35 zuwa 40 mai irin ƙirar jikin, a gyara gashin baki da aski, sauran aikin na tafiya ne da murya. Ya zauna da faifan jawabansa mako huɗu ko shida kafin a fara.

Hajiya Mai Tace Hoto:
Faifan da Uwar Sutura ta ambata, in za a sa shi cikin fim akwai matsala biyu. Tsohon hoto kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku, namu na yanzu sha shida bisa tara. In ka ja shi ya cika allo fuskoki za su kumbura, in ka yanke sama da ƙasa hula ta tafi. Sannan fuskar gaskiya kusa da ta jarumi tana karya sihirin nan take. Mafita ita ce a sa faifan cikin akwatin talabijin na zamanin a kusurwar ɗaki, ana kallonsa daga nesa, ko a ɗauki muryar kawai ta fito daga rediyo. Masu ajiyar irin waɗannan hotunan da daƙiƙa suke sayarwa, kuma kuɗin nunawa a sinima daban da na intanet, a tambaya tun ana lissafin kasafi.

Alƙalamin Gwammaja:
Na gode ƙwarai iyayena. Saura ɗaya: safiyar 13 ga Fabrairu. Motar tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi, ana iya neman aronta?

Baba Darakta:
Ba za su bayar ba, kuma ba ka so. Je ka ɗauki hotonta ta kowane gefe ka auna inda ramukan suke. Sannan ka nemo baƙar Marsandi irin ta shekarun nan guda biyu, ɗaya mai lafiya don tafiya, ɗaya matacciya daga wurin 'yan gwangwan wadda za a huda a fasa wa gilashi. Titin Ikoyi na yau ba zai yi ba, a nemi tsohuwar unguwar Turawa mai bishiyoyi a Ibadan ko Kaduna, a rufe ta safiyar Lahadi, motocin zamanin 12 zuwa 15 sun isa cunkoso idan kyamara tana ƙasa kuma ba ta buɗe sosai ba. Dogarinsa Laftanar Akinsehinwa da direba suna cikin motar kuma sun mutu tare da shi, a ba su fuska da magana tun farkon fim, kar su bayyana a ranar kawai. Harbin kansa a ɗauke shi daga cikin motar da ke baya, ta gilashi. Kafin hasken safe ya sauya kana da kamar awa biyu, don haka a yi gwaji ranar Asabar ba tare da an fasa komai ba.